Kwana a Mota da Fita da Iyali Lokacin Bazara: Tambayoyi da Amsoshi ga Mutanen Bauchi da Gombe

Duk lokacin da hutun makaranta na watan Afrilu ya ƙarato, ko hutun Salla ya faɗo cikin rani, tambayoyi iri ɗaya ne ke ta dawowa daga magidanta da iyaye mata masu son ɗaukar yara a mota, a je a ga ƙasa, a kwana ɗaya ko biyu a waje. Su ne na tattara a nan, na sa musu lamba don a riƙa komawa daga wata amsa zuwa wata.

1. Me ake nufi da kwana a mota, kuma ina bambancinsa da tafiyar da muka saba?

A tafiyar da muka saba, mota kai mutum kawai take yi, masauki kuwa gidan ɗan'uwa ne ko otal. A wannan kuwa motar ce ke ɗauke da masaukin: shimfiɗa, rumfa, ruwa, kayan girki da fitila. Inda aka yada zango, wasu su kwana a ciki, wasu a tanti a gefenta. Ba baƙon abu ba ne a wurinmu, domin direbobin manyan motoci da fatake da maharba sun daɗe suna yi. Sabon abin shi ne yin sa da mata da ƙananan yara don nishaɗi, kuma wannan ne ya sa yake buƙatar shiri na daban.

2. Bazara da wannan zafi nata, anya lokacin fita ne?

Yawancin bidiyon kwana a mota da ake gani a intanet daga Amurka da Turai suke, inda watannin Maris zuwa Mayu lokaci ne na fitowa daga sanyi da ƙanƙara. Shi ya sa kayansu duk na neman ɗumi ne: jakar barci mai kauri, tanti mai rufe ko'ina, abin ɗumama ɗaki. Mu a waɗannan watanni zafin rana a Bauchi da Gombe kan kai digiri 40. Wanda ya kwaikwayi shirinsu kai tsaye zai kashe kuɗi ya sayo wa iyalinsa wahala. Abu uku muke nema: inuwa, iska da ruwa. Duk kayan da ba ya taimaka wa ɗaya daga cikin ukun nan, a yi tunani sau biyu kafin a ba shi wuri a but.

Duk da haka bazara tana da ribarta. Ciyawa ta bushe, hanyoyin burji sun tsane, sauro ya ragu in ban da bakin ruwa, namun daji kuma suna taruwa inda ruwa ya saura, don haka ganinsu ya fi sauƙi. Dabarar ita ce a juya jadawalin yini: a tashi bayan sallar asuba, a isa kafin ƙarfe 11, a kwanta a inuwa har la'asar, sannan a fita yawo. Wanda ke da jariri ko tsoho mai hawan jini, ina ganin ya fi masa ya jira Nuwamba zuwa Janairu.

3. Ina za mu nufa idan wannan ne karon farko?

Yankari ce ta fi dacewa. Tana cikin Ƙaramar Hukumar Alkaleri, faɗinta ya kai murabba'in kilomita 2,244. An keɓe dajin a 1956, aka buɗe shi ga jama'a a 1962, ya zama na Gwamnatin Tarayya a 1991, sannan ya dawo hannun Jihar Bauchi a 2006. Daga hanyar Bauchi zuwa Gombe ana karya kwana a Dindima, a bi zuwa ƙofar shiga da ke Mainamaji, daga nan kuma akwai tafiyar kilomita 40 da 'yan kai a cikin daji kafin sansanin Wikki. Abin da ya sa na fifita ta ga mai iyali shi ne akwai ma'aikata, akwai ɗakunan kwana idan shirin tanti bai yi daɗi ba, ga kuma maɓuɓɓugar Wikki wadda ruwanta garau yake, ɗuminsa a kan digiri 31 dare da rana, rani da damina. A bazara giwaye da ɓauna da gwanki suna matsowa kusa da kogin Gaji, kuma yara suna son kogwannin Marshall da aka sassaƙa a jikin dutse.

Idan yini ɗaya ake so, akwai gandun Sumu a Ƙaramar Hukumar Ganjuwa, inda aka kawo raƙuman dawa da jakunan dawa daga Namibiya a 2006, da madatsar ruwan Gubi kusa da garin Bauchi, da kabarin Sir Abubakar Tafawa Ɓalewa a cikin gari. A ɓangaren Gombe akwai madatsar Dadin Kowa a kan kogin Gongola, ga Dutsen Bima yana kallonta, sai kuma tsaunukan Tula a yankin Kaltungo, inda iska ta fi ta ƙasa sanyi. Amma wurin kallo daban, wurin kwana daban. Duba amsa ta 4.

4. A ina ya dace a yada zango? Maganar tsaro fa?

Wannan ita ce tambayar da ta fi kowace nauyi, kuma amsata ba ta da kwana-kwana: kada ka kwana da iyali a inda babu wanda ya san da zamanka, kuma babu wanda ke da alhakin wurin. Gefen titi, bakin dajin da ba kowa, gindin dutse mai kyan hoto, duk a kalla da rana a wuce. An sha samun rahotannin 'yan bindiga a wasu ƙauyukan Alkaleri da dazukan Ningi da Toro, kuma yanayi kan canza daga wata zuwa wata. Labarin bara ba ya amfani bana. Kwana biyu kafin tafiya ka kira wanda ke zaune a yankin, ka tambayi direbobin tasha masu bin hanyar kullum.

Wuraren da suka dace su ne sansani mai ma'aikata irin Wikki, bayan ka nemi izinin hukumar wurin sun nuna maka inda za ka kafa tanti. Harabar gidan baƙi mai katanga. Gonar ɗan'uwa ko aboki mai maigadi. Ko ƙofar gidan mai unguwa a ƙauyen da kake da masani. Idan ƙauye ne, ka fara da gaisuwa. Ka je wurin mai unguwa ko dagaci da goro ko ɗan abin hasafi, ka ce, "Ranka ya daɗe, baƙi ne mu daga Gombe, da iyali muke tafe, muna neman inda za mu kwana a ƙarƙashin kulawarka." Mutanen karkararmu ba sa wulaƙanta baƙon da ya shigo ta ƙofa. Sau da yawa ma za a ce mata da yara su shiga cikin gida, kuma karɓar wannan karamcin ya fi nacewa a kan tanti.

Ka isa da sauran rana, ka ajiye mota tana fuskantar hanyar fita, makulli a aljihunka, tanki da mai fiye da rabi. Wani a gida ya san inda kuke da ranar dawowa. Hotuna kuwa a jira sai an dawo kafin a ɗora a Facebook.

5. Dole sai da babbar mota?

A'a. Sienna da Sharon sun fi daɗi saboda kujerun baya suna kwanciya ko fita, Hilux kuma ta fi jure burji. Amma Corolla ko Golf mai lafiya, da tanti a but, ta fi jif mai ciwon lagireto. Lafiyar mota ake dubawa, ba girmanta ba.

6. Me zan sa bakanike ya duba kafin mu tashi?

Kai motar mako guda kafin tafiya, ba jajibiri ba, don idan gyaran ya bar matsala ta bayyana tun kana cikin gari. A bazara abin da ya fi kayar da mota shi ne zafin inji da fashewar taya. A duba lagireto da fankarsa da robobin ruwa da fanbel, a yi juyen baƙin mai idan lokacinsa ya yi, a duba birki da batir da fitilu. A kuma duba salansa ko tana yoyo, saboda dalilin da ke amsa ta 8.

Taya tana da ranar haihuwa a jikinta: lambobi huɗu a gefe, biyun farko mako, biyun ƙarshe shekara. Idan ka ga 1522, an yi ta a mako na 15 na shekarar 2022. Tayar da ta tsufa ko ta tsattsage ba ta jure kwalta mai zafi da kaya mai nauyi, ko da zanenta bai cinye ba. A auna iska da safe kafin taya ta ɗauki zafi, har da safaya. A cikin mota a samu jak da sifana, abin kashe gobara, alamar gargaɗi mai kusurwa uku, igiyar ja, wayar tayar da batir da jarkar ruwan lagireto. Idan inji ya yi zafi a hanya, a tsaya a jira ya huce. Buɗe murfin lagireto yana tafasa ya ƙona mutane da yawa. Lambar gaggawa ta Hukumar Kiyaye Haɗurra ita ce 122, ta ƙasa baki ɗaya kuma 112.

7. Mun gwada sau ɗaya, ba wanda ya runtsa saboda zafi. Yaya za mu gyara shimfiɗa?

Ƙarfen mota yana shan rana yini guda, ya riƙa amayar da zafin har tsakar dare. To gyaran yana farawa tun da rana: a ajiye ta a inuwa, a lulluɓe gilashin gaba, a buɗe duk ƙofofi da but tun magariba. Sannan a kai wa tela tsohon gidan sauro ya ɗinka shi aljihu-aljihu daidai girman kowace taga, yadda za a zura ta saman ƙofa a rufe, a sauke gilashi gaba ɗaya. Wannan ɗan aikin shi ne gyara mafi arha kuma mafi amfani da na sani.

Na biyu, a daidaita ƙasa. Kujerun da aka kwantar ba sa yin bai ɗaya, shi ne ke kawo ciwon baya. Kafinta zai iya yanka falanki gida biyu ko uku mai naɗewa, da 'yan ƙafafu, a ɗora katifa maras kauri a sama, a tura akwatuna a ƙasa. Katifar iska ta roba tana sa gumi, kuma ƙaya ɗaya ta gama da ita; tabarma da katifar ɗalibai sun fi ta. Zanin gado na auduga ya isa, sai mayafi ɗaya don sanyin asuba.

Na uku, kada a cusa kowa a mota. Mutum biyu manya, ko uwa da ƙananan yara biyu, shi ne iyakarta. Maigida da samari su kwana a waje, a kan gadon sojoji mai naɗewa da gidan sauro, ƙarƙashin rumfar tamfol. Mai walda zai yi maka sanduna huɗu masu haɗewa, a ɗaure gefe ɗaya na tamfol a saman mota, ɗaya gefen a kan sandunan. Idan tanti za a saya, a nemi mai raga ta kowane ɓangare wanda ake iya cire rufinsa na sama. Yaran da suka kai shekara 10 a raba musu shimfiɗa, maza daban mata daban, kamar yadda ake yi a gida.

8. Ba zan iya barin inji da na'urar sanyaya mota a kunne mu yi barci ba?

Kada ka yi, ko na awa ɗaya. Hayaƙin inji yana ɗauke da iskar kabon monoksaid, wadda ba ta da wari ba ta da launi. Idan mota na tsaye, takan shigo ta ƙasa ko ta but, mai barci ba ya farkawa, sai dai a wayi gari da gawa. Irin guba ɗaya ce da ta janareta da ke hallaka iyalai a ɗaki. Haka nan gawayi ko risho ko tukunyar gas, ba a shiga da su tanti ko mota. Janareta, idan dole ne, a kai shi nesa, ta inda iska ke kwashe hayaƙin daga masu barci.

9. To da me za mu kunna fanka da fitila da cajin waya?

Ba da batirin mota ba. An yi shi ne don tayar da inji, idan aka tatse shi cikin dare da safe sai turi. A yi lissafi: fanka mai cin wat 15 idan ta yi awa 8 ta ci wat-awa 120, wato 15 sau 8, fanka biyu da fitila da wayoyi, kana neman wajen wat-awa 350 a dare. Ƙaramin batir na daban, ko akwatin ajiyar wuta, da farantin sola mai wat 100 zai mayar da wannan a yini ɗaya na ranar bazara. Wanda bai kai nan ba, fanka biyu masu caji da tocila ga kowane babba sun wadatar da dare ɗaya. Kada a bar abin cajin waya ko batir a kan dashbod cikin rana, zafi na kumbura su.

10. Ruwa nawa za mu ɗauka?

Lita 5 na sha ga kowane mutum a yini, da wata lita 10 don alwala da girki da wanke-wanke, sannan a ƙara na yini ɗaya a kan lissafin. Iyali mai mutum 6 na buƙatar jarka 4 zuwa 5 masu lita 20 a kowane yini idan wurin ba ruwa, wanda ya nuna dalilin zaɓen masauki mai rijiya ko famfo. A daskarar da robobin ruwa a gida a jera a kula: suna sanyaya abinci, in sun narke a sha. Jarkar da ta rage a naɗe ta da jiƙaƙƙen buhu a ajiye inda iska ke bugawa, dabarar randa ce, kuma a busasshiyar iskar bazara tana aiki sosai.

A riƙa ba yara ruwa kafin su nema. Yaron da ya daina fitsari, ko ya yi laushi, ko kansa ke ciwo, a kai shi inuwa, a jiƙa masa jiki, a ba shi ruwan gishiri da sukari: lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, ƙaramin cokali 6 na sukari, rabin ƙaramin cokali na gishiri. Idan ya fara ruɗewa ko suma, ko zazzaɓi ya zo da sanƙarewar wuya, asibiti kai tsaye, domin bazara lokacin sanƙarau ce.

11. Wane abinci ne ke jure hanya?

Kakanninmu sun gama wannan binciken: kilishi, dambun nama, ƙuli-ƙuli, garin kwaki, dabino, aya, soyayyar gyaɗa. A ƙara da shayi da burodi, taliya, da miyar da aka soya ta tsane. Masar Bauchi da aka saya da safe a cinye ta kafin azahar. Fura da nono da dafaffiyar shinkafa ba sa kai yamma a wannan zafi. Mangwaro yana ko'ina a bakin hanya, a wanke kafin a ba yara. Ƙaramar tukunyar gas ta fi itace, domin tartsatsi ɗaya a busasshiyar ciyawa na iya cinye gonar mutane. A ɗauke ta a tsaye, a ɗaure, kada ta yini cikin rufaffiyar mota.

12. Ni mace ce, maigida yana ta zumuɗi, ni kuwa tunanina banɗaki da sutura. Yaya ake yi?

Hajiya, damuwarki ita ce ta farko da ya kamata a warware, kuma tafiyar da ba a warware ta ba ba za a sake yin ta biyu ba. Ki sa a tanadi ɗan kewaye: sanduna huɗu da tamfol ko zana mai tsayin da ya wuce kai, a kafa shi bayan mota, nesa da wurin girki. A ciki a sa bokiti mai murfi da leda a ciki da toka ko yashi, da buta da sabulu, da fo na yara. Wani labulen kuma a kewaye gefe ɗaya na rumfa, yadda za ki cire hijabi ki sha iska ko ki shayar da jariri ba idon kowa. Da dare ba mai zuwa kewaye shi kaɗai ko ba takalmi, saboda abin da ke amsa ta 13.

Ki kuma yi magana tun a gida a kan rabon aiki. Idan girki da wanke-wanke da reno duk suka dawo kanki, an canza miki wurin aiki ne kawai, ba hutu kika je ba. Maigida da samari su ɗauki shayin safe da wanke kwanuka.

13. Maciji da kunama fa?

Mutanen kudancin Gombe sun san wannan fiye da kowa. Ba banza aka kafa asibitin waɗanda maciji ya sara a Kaltungo ba. Kububuwa, wadda ake wa laƙabi da gobe-da-nisa, ƙarama ce, launinta ya saje da ƙasa, tana fitowa da dare lokacin zafi. A share wurin kwana tas, a nisanci tarin duwatsu da itace da ramuka, a kwana a kan abin da ya ɗaga daga ƙasa, a soke gidan sauro ƙarƙashin katifa. Takalmi rufaffe da tocila bayan magariba, a kuma zazzage takalmi da safe.

Idan tsautsayi ya faɗa, kada a tsaga, kada a tsotsa, kada a ɗaure da igiya. A cire zobe da awarwaro, a hana gaɓar motsi, a ɗauki mutumin zuwa mota a nufi asibiti nan take, ko da ya ce ba ya jin komai, domin dafin kububuwa yana hana jini daskarewa kuma illarsa kan jinkirta. Farasitamol kaɗai za a ba shi, ban da asfirin da danginsa. A Yankari akwai ƙudan tsando mai cizo da zafi, wanda baƙin kaya da shuɗi ke jawowa, don haka a sa masu haske da dogon hannu.

14. Yaya za mu yi da yara a hanya da kuma a sansani?

'Yan ƙasa da shekara 12 a kujerar baya, kowa da bel, ba a cinyar direba ba, ba a but ba. A tsaya duk bayan awa biyu. Kada a bar yaro a rufaffiyar mota ko na shiga shago ne: zafin cikinta kan ƙaru da kusan digiri 10 a minti 10. A ba su aiki, wannan ya riƙe lissafin garuruwan da aka wuce, wancan ya rubuta sunayen itatuwa da tsuntsaye. Da yawansu ba su taɓa bambance gawo da ɗorawa ba.

A Wikki birai sun saba da mutane, suna fizge leda daga hannun yaro, suna shiga mota ko ɗakin da aka bari a buɗe. Abinci a kulle, kada a ba su, kada a tsokane su. Yawon ganin dabbobi sai da ɗan rakiya na hukumar dajin. A Wikki ma yaro ba ya shiga ruwa sai babba na riƙe da shi, a madatsun ruwa kuwa kada a shiga sam, saboda zurfi da cutar tsargiya.

15. Hukuncin salla a irin wannan tafiya?

A mazhabar Malikiyya, tafiyar halal da ta kai mil 48, wato kilomita 80 da ɗoriya, ana yin ƙasaru a cikinta, matuƙar ba a yi niyyar zaman kwana huɗu a wuri ɗaya ba. Bauchi zuwa Wikki ta wuce wannan, Gombe zuwa Dadin Kowa ba ta kai ba. Batun haɗa salloli da taimama, a tambayi malamin unguwa kafin a tashi.

16. Idan hadari ya taso cikin dare?

Daga ƙarshen Afrilu ruwan farko kan zo da iska mai ƙarfi. Da ganin walƙiya a gabas a sauke rumfa, kowa ya shiga mota a ɗaga gilashi, inji a kashe. Cikin mota ya fi tanti da gindin itace aminci daga tsawa. Tun farko kada a yada zango a busasshen rafi ko kwari, domin ruwan da aka yi a kan tudu mai nisa na iya isowa ba tare da ɗigo ɗaya ya sauka a kanku ba. A guji tsohon itace mai busassun rassa, da kukar da zuma ta yi gida, da burtalin shanu.

17. Kuɗina kaɗan ne. Da me zan fara, kuma yaya zan loda kayan?

Fara da gyaran mota na amsa ta 6, sai ragar tagogi, tamfol da sanduna, jarkoki, kewayen amsa ta 12, akwatin magani, fanka mai caji. Falanki da sola da tanti su biyo baya. Tabarma, tukunya, buta da bokiti duk suna gida. Kafin ka sayi wani abu babba, ku kwana ɗaya a tsakar gida ko a gona da kayan da kuke da su, ku rubuta abin da kuka nema kuka rasa da abin da ba ku taɓa ba.

Wajen lodi, masu nauyi irin ruwa su zauna ƙasa, kusa da bayan kujeru, a ɗaure su. Saman mota na katifa da tabarma ne; yawancin ƙananan motoci ba sa ɗaukar fiye da kilo 50 zuwa 75 a sama, kuma nauyi a can yana sa mota tangaɗi a kwana. A raba kaya akwati-akwati: na girki, na kwana, na wanka, na gyaran mota. Akwatin magani, tocila, abin kashe gobara da safaya su kasance inda hannu zai kai gare su ba sai an sauke komai ba, kuma kowane babba a motar ya san wurinsu.